Arahar Bakin Ruwa da Masu Biyan Kuɗinta

Duk mai yawan duba waya da dare ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Bature ne ko Baturiya, an ƙwama gilashin rana, ga teku a baya, ana zayyano wa mai kallo kuɗin haya da na cefane da na ganin likita a wani gari mai zafi da ke bakin ruwa, a ƙarshe a haɗa jimla a ce ba ta kai rabin abin da mutum ke kashewa a Landan ko Toronto ba. Garuruwan da ake yi wa wannan talla sanannu ne: Da Nang a Biyetnam, Fuket a Tailan, Mombasa, Zanzibar, Kololi a Gambiya. Gwamnatoci ma sun shigo cinikin. Panama na ba da takardar zama ga baƙon da ya nuna yana da fanshon dala 1,000 a wata har iya rayuwarsa. Tailan kuwa shekara 50 take nema, da bat 800,000 ajiye a bankin ƙasar.

A ɗauko wannan dala 1,000 a kawo ta Kebbi. A canjin naira 1,500 kan kowace dala, naira miliyan ɗaya da rabi ke nan, wato albashin wata ashirin na ƙaramin ma'aikacin jihar, wanda aka yanka masa naira 75,000 a 2024. Kuɗin da a Ingila da ƙyar za su biya wa tsoho hayar ɗaki, a Yelwar Yauri sai su mai da shi attajirin unguwa. Kifin dai shi ne, shinkafar ita ce, mai sayarwar ma tana nan yadda take. Bambancin kawai shi ne inda aka samo kuɗin da inda ake kashe su. Wannan tazara ce gaba ɗayan arahar da ake tallatawa, kuma wanda kuɗinsa ke fitowa daga ɓangaren da ke ƙasa, ko wane gari ya kwashe kayansa ya koma, ba zai ganta ba.

Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na Kebbi ba su da teku. Amma mutanensu sun riga masu bidiyon sanin wannan lissafi, don sun daɗe suna saukar baƙon da ya zo cin albarkar ruwansu, 'ya'yansu kuma sun daɗe suna gangarawa kurmi neman ta wasu.

Tun kafin a yi tunanin madatsa, Yauri mashiga ce. A wannan yanki ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ke ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu har su dire Salaga. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu mutanen Ingila, Richard da John Lander, suka sauka birnin Yauri suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa a 1806. Guzurinsu har da allurai da maɓallai, domin su ne abin musaya a hanya. Sai suka tarar tawagar wani Bature, Clapperton, da ta riga su zuwa ta cika kasuwannin yankin da allura, darajarta ta zube. Makonni suka yi a Yauri suna jiran sarki ya sallame su, guzuri na ƙarewa. Ke nan faɗuwar canji ta fara kama Bature a wannan gaɓa tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce.

Babban sauyi ya zo ne da madatsar Kainji. Kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin daga 1964 zuwa 1968, aka buɗe ta a farkon 1969. Injiniyoyin da suka zo daga Turai su ne irin baƙon da masu bidiyo ke nufi: suna zaune a sansanin da aka gina musu, albashinsu na bin lissafin ƙasarsu, kaza da kifi da mai aikin gida kuma na bin lissafin Bargu. Da aiki ya ƙare suka naɗe kayansu. Abin da suka bari shi ne tafki mai tsawon kilomita kusan 135 da faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, wanda ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da ƙauyuka fiye da ɗari biyu. Kimanin mutum 44,000 aka tayar.

A cikinsu akwai Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda zamansu ya ginu a kan kogi mai hawa da sauka. Da damina su yi gero da dawa, da rani su yi albasa a bakin ruwa suna ban ruwa da hannu, kamun kifi kuma a ruwa marar zurfi da suka san kowane lungu nasa. Aka kwashe su zuwa tudu, aka ba da yawansu gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufin asbesto, zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson. A takarda gidan ya fi na laka daraja, kuma kyauta ne. A zaune kuwa ga zafi da bazara, ga sanyi da hunturu, idan ya tsage ba a gyara shi da ƙasar bayan gida, idan ɗa ya yi aure ba a san ta inda za a ƙara ɗaki ba. Wasu suka kewaye shi da ɗakunan laka, wasu suka bar shi suka koma kusa da ruwa suka kafa bukka. Gida mafi araha da aka taɓa ba Bagunge, shi ne ya zo masa tare da asarar gonar albasarsa.

Ruwan da ya kori mai gida shi ya kira baƙo. Ciyayi da itatuwan da tafkin ya shanye suka ruɓe suka zama abincin kifi, faliya da sauransu suka yi ta hayayyafa. A 1971 abin da aka kama ya kai tan 28,000. Labari ya bazu. Sarkawa, waɗanda su ne gadon su a kan Kwara kuma wasunsu sun daɗe a Yauri, suka ƙaru daga sama. Zabarmawa da Nufawa suka zo, masunta daga Mali suka kawo gurarsu, Ijo da Urobo suka hauro daga yankin Neja Delta. A Yelwa 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo suka kama ɗakuna suna sayen banda suna lodawa Ilori da Ibadan da Anaca. Wanda ya bi gaɓar tafkin a yau zai ga tunga bayan tunga, da yawa ɗauke da sunan mutumin da ya fara kafa rumfa a wurin. Ga waɗannan baƙi, Kainji shi ne garin bakin ruwa mai araha: a gai da hakimi, a gai da Sarkin Ruwa, a nuna maka inda za ka ɗaure jirgi, itacen banda na nan a daji, kasuwa na jiranka.

Abin lura shi ne wanda ya ci ribar. Sabon ruwan mai faɗi ne, mai zurfi, mai igiya idan iska ta taso. Ƙaramin kwalekwale da tarkon da Bagunge ya gada ba su isa ba. Ana bukatar babban jirgi, da raga ta nailan, daga baya da inji. Wanda ya zo da jari ko da sanin babban ruwa shi ya kwashe shekarun albarka. Kafin ɗan ƙasa ya tara abin sayen kayan aiki, kifin ya ja baya: zuwa 1978 kamun shekara ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Baƙo da yawa suka kwance jiragensu suka nufi wani ruwan. Ɗan ƙasa ba shi da inda zai nufa.

Aka sake maimaita wasan a shekarun 1990, da babban tarun nan da ake ja daga gaɓa, wanda masunta ke kira dala. An kawo shi ne don warangi, ƙananan kifin da ake shanyawa a rana, amma idonsa ƙanƙane ne, yana share har 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa. Kamun shekara ya haura tan 38,000 a 1996, kowa na murna, alhali kifin gobe ake kwashewa. Aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka fara a 1993 don bunƙasa su a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, shi ya kai ga rajistar masunta da lasisi da haramta dala a ƙarshen shekarun. Mai tarun dala yakan zama mai kuɗi ne, masu ja masa kuwa yaran ƙauye ne da ake sallama da kwanon kifi. Idan ruwa ya ƙare, shi yana da kuɗin motar tafiya.

Wannan ba zargin baƙo ba ne. Baƙi sun kawo wa Yauri sana'a da kasuwa da auratayya, jikokinsu a yau 'yan Yauri ne ba tare da wani ya tambaye su takarda ba. Magana ce ta wanda ke da zaɓi. Mai iya tashi duk ranar da ya ga dama, rabin farashin zama kawai yake biya. Sauran rabin na kan wanda zai kwana a wurin bayan kasuwa ta watse.

To, idan ɗan Yauri ne ya zama baƙon fa?

Nan ma tarihi na da tsawo, kuma ɗan Ngaski ne ya fi kowa tattara shi. Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Sakkwato, ya nuna a littafinsa The Hausa Factor in West African History na 1978 yadda fatake da malamai da masu sana'a suka shimfiɗa zangonni daga Kwara har teku. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar goro, Hausawan garin suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Lome da Akra. Alhaji Umaru, shahararren malamin Kete Karachi da ya rasu a 1934, zuriyarsa daga Kabi ta fito. A Akra, Malam Baƙo, wanda mahaifinsa Bakatsine ne, ya nemi fili daga sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, unguwar da har yau Hausa ce harshen titinta.

Waɗannan mutane ba su tafi da fansho ba. Abin da ya sauƙaƙa musu zaman bakin teku shi ne mai gida. Baƙo ya sauka a tasha, tambayar farko da za a yi masa ita ce, “Malam, wa ye mai gidanka?” Mai gidan ne zai ba shi shimfiɗa a zaure ko a shago, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya je ofishin 'yan sanda idan ta ɓaci, ya kai gawarsa makwanci idan ajali ya riske shi a can. Ladansa la'ada ce daga ciniki, da girman da yake samu na yawan mutane a ƙofarsa. Haya, inshora, lauya da banki, duk wanda Bature mai ritaya ke biya daban-daban, ɗan zango ya same su a hannun mutum ɗaya, ya biya da biyayya da riƙon amana. Har gobe haka 'yan albasa da 'yan shanu da 'yan canji ke sauka a Kwatano da Lome da Agege. Masunta ma haka suke bin sawun 'yan'uwansu zuwa ruwan wasu ƙasashe: sai an ji akwai na gida a wurin kafin a ɗaura kaya.

Sai dai zaman da ya dogara da mutunci, ba takarda ba, rana ɗaya ake tashinsa. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Ɗaruruwan dubbai suka fita, har da waɗanda aka haifa a zango ba su taɓa ganin Najeriya ko Nijar ba, aka sayar da gidaje da shaguna a farashin tsiya. Najeriya ta rama a 1983 zamanin Shagari, ta kori kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya, abin da ya bar wa jakar leda mai zane-zane sunan da ake kiranta da shi har yau. A 1977 hukumomin Togo suka rushe zangon Lome da ke tsakiyar birni suka tura mutanensa kilomita goma sha biyar arewa, domin filin ya yi daraja fiye da mazaunansa. A watan Yulin 2021 aka tashi 'yan albasar Agbogbloshie a Akra, yawancinsu masu jin Hausa, aka mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari. Shekara arba'in da huɗu tsakanin Lome da Akra, dalili ɗaya.

Saurayin Shanga ko Wara ta Ngaski da ke tunanin gangarawa a yau, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga Binin ko Togo ko Gana ba biza, ya zauna kwana 90. Shiga ke nan. Zama da sana'a wani abu ne daban. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da ke son buɗe harkar ciniki sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Gana ashirin aiki. Da wannan doka aka yi ta garƙame shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi a 2019 da 2020. Dokar haya ta ƙasar ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma masu gidaje shekara ɗaya ko biyu suke nema, kuma ba mai hana su.

Ga kuma canji, wanda shi ne ya fi komai karya ƙafar mai naira. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuro ya motsa. A 2015 sefa 1,000 ba ta kai naira 500 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, kafin 2024 ta yi nisa sefa 1,000 ta haura naira 2,500. Kwatano, inda ɗan Najeriya ya saba zuwa yana ware kafaɗa a kasuwar Dantokpa, ta zama garin da kwanon shinkafa ke sa shi lissafi da yatsu. Yanzu mutanen Binin ne ke tsallakowa sayayya, su ce Najeriya ta yi araha. Gana ma ba ta tsira ba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022, sidi ya zube. Amma zubewar sidi ba ta amfani mai naira da komai ba, tunda tare suka faɗi. Mai dala ta amfana.

Masu dalar kuwa sun zo. A 2019 Gana ta ayyana shekarar komowa gida, cikar shekara 400 da saukar da bayin farko a Bajiniya, ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da Karebiyan. Mutum 126 aka ba takardar zama ɗan ƙasa a shekarar, wasu 524 a Nuwamban 2024. Babu mai hankalin da zai ga laifin jikan wanda aka fitar da shi ta ƙofar kurkukun Elmina don ya dawo ya nemi wurin zama. Sai dai kasuwar gidaje ba ta karanta tarihi. A unguwanni irin su East Legon da Cantonments da dala ake faɗin haya, duk da gargaɗin da babban bankin ƙasar ke ta nanatawa. Wanda hayar can ta fi ƙarfinsa sai ya matsa unguwa ta gaba, na unguwa ta gaba ya matsa ta bayanta, har matsin ya iso ɗakin da ɗan albasa ke kwana da abokansa shida a unguwar Nima.

Legas ba ta bukatar wani baƙo daga Turai kafin ta nuna abin da ke faruwa idan bakin ruwa ya yi tsada. Otodo Gbame, ƙauyen masunta Egun a yankin Lekki, an rushe shi tsakanin ƙarshen 2016 da Afrilun 2017, mutum kusan 30,000 suka rasa matsuguni. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay. Masunta ne suka fara zama a wuraren lokacin da ba wanda ke so, sauro da laka suka sa ƙasar ba ta da farashi. Da aka gane iskar teku abin sayarwa ce, su aka fara nuna wa hanya.

Akwai dai mutum ɗaya a yankin Yauri da lissafin masu bidiyo ke yi wa aiki daidai, kuma ba Bature ba ne. Shi ne ɗan garin da ke neman kuɗi a Kwatano ko Abijan ko Jidda, iyalinsa na gida. Yana samu da sefa ko riyal, ana kashewa da naira. Tun 2023 abin da yake aikowa ya ninka a hannun matarsa ba tare da ya ƙara ko awa ɗaya a wurin aiki ba. Shi ke sayen fili, shi ke zuba bulo, shi ke sayen injin jirgi ya ba ƙanensa. Malamin firamare da suka yi aji ɗaya, mai albashin naira, sai dai ya wuce ta gaban ginin ya ce Allah ya sa albarka. Farashin wannan riba shi ne shekarun da mutum ke yi yana kwana a shago, 'ya'yansa na girma a waya.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma arahar Yauri na da abubuwan da ba a sa su a jimla. Kifi da shinkafa da albasa da hayar ɗaki duk sun fi na Abuja sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ciwon da ya fi ƙarfin babban asibitin Yelwa sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiyar awoyi a kan hanyar da direbobi suka daɗe suna kuka da ita. Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro na bin yaran gaɓa. Dorina na kife kwalekwale tana cinye gona. Ƙauyuka da yawa da ke kallon ruwan da ke ba ƙasa lantarki ba su da wuta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin jirgin inji ya tashi, mai jirgi kuma sai ya ƙara lodi don ya fita.

Lodin nan shi ne ajali. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a ruwa kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Tsoffin jiragen katako, tafiyar da ba rigar ruwa, da kututturan itatuwan da ke tsaye ƙarƙashin tafkin tun 1968, su ake ambata duk lokacin da aka yi irin wannan rashi. Mako uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, sai a 2023 aka sako na ƙarshe a cikin 'yan matan. Baƙon da ke zaune a Mombasa da inshorar lafiya da tikitin komawa a aljihu, irin waɗannan abubuwa labari ne da zai sa ya canza gari. Matar da ke tsallaka tafki zuwa kasuwa da buhun busasshen kifi, jirgin da ya fi araha shi za ta shiga, don shi kaɗai ne.

Duk da haka ana ta maganar buɗe yankin ga masu yawon buɗe ido, kuma maganar na da tushe. Bikin Rigata da masarautar Yauri ke yi a ƙarƙashin Sarki Muhammad Zayyanu Abdullahi, da tseren jirage da ninƙaya da kiɗan ruwa, yana jawo mutane daga nesa. Tafkin na da kyau da hantsi, gandun dajin Kainji na ƙetare, ƙasa na da arha. Idan tsaro ya samu aka gyara hanya, masu kuɗi za su zo neman fili mai kallon ruwa, kuma ba daga Landan za su fara zuwa ba. Daga Abuja da Kaduna da Birnin Kebbi za su zo, 'yan siyasa da manyan ma'aikata masu ritaya da 'yan kwangila, waɗanda tazarar aljihunsu da na masunci ba ta gaza ta Bature da ɗan Gambiya ba.

Ranar da suka zo, tambayar ita ce gaɓar ta wa ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta 1997 ta ba ta iko da mita 100 daga bakin manyan hanyoyin ruwa, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa gwamnatin tarayya ikon hanyoyin ruwan a shari'arta da Jihar Legas. A ƙasa kuwa hakimi da mai gari da Sarkin Ruwa ne ke raba wurin ɗaure jirgi da filin da tafki ke janyewa ya bari kowace shekara, inda ake shuka shinkafa da albasa da wake. Wannan rabo da baki ake yin sa, shaidarsa dattawa. Gaɓar ma ba a wuri ɗaya take tsaye ba, tana matsawa da hawan ruwa da saukarsa, har mita 100 ɗin sai an yi gardamar daga ina za a fara awo.

Mai takarda daga ma'aikatar filaye zai kayar da mai shaidar dattawa a kowace kotu. Gungawan da aka tayar a 1968 aƙalla an ƙirga su an gina musu wani abu, ko da bai dace da su ba. Mazauna tungayen da aka kafa bayan cikar tafkin, shekara hamsin da ɗoriya ke nan, yawancinsu ba su da ko wannan. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa don raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, ta fi shahara da rabon rigunan ruwa da haƙa rijiyoyi, kuma ana bukatarsu. Amma aikin da ba ya cin kuɗi sosai, wanda kuma sai yanzu da ƙasar ba ta da farashi za a iya yin sa ba rigima, shi ne a auna mashigan jirage da wuraren banda da shanya da gonakin janyewar ruwa, a rubuta su da sunan al'ummar kowace tunga, masarauta da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga su sa hannu, a kai Birnin Kebbi a buga hatimi. Cibiyar Sabuwar Busa na da jerin tungayen tafkin tun ƙidayar jirage da aka riƙa yi a shekarun 1990, daga shi za a fara.